Iyayenmu ba sa son dawowa daga tsibirin Bioko, mu daina tura musu kuɗi?

Gwaggo, barka da aiki. Ni 'yar Zariya ce, ina aure a Kaduna. Mu huɗu ne wajen iyayenmu, ni ce ta uku, kuma ni kaɗai ce mace. Babanmu shekararsa 68, tsohon hedimasta ne. Mamarmu 63, ta yi aikin jinya da ungozoma har ta yi ritaya. Shekara biyu da suka wuce ikilisiyarmu ta nemi masu zuwa aikin bishara a tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Ana cikin sujada Baba ya miƙe ya ce shi da matarsa za su je. Aka ɗora musu hannu, aka yi addu'a, suka tafi a kan za su yi shekara biyu. Suna zaune a garin Luba, bakin teku. Baba yana koya wa manya karatu da yamma, yana kuma taimaka wa wani matashin fasto ɗan can. Mama tana tara mata ran Laraba, tana auna musu jini, masu ciki kuma ta duba su ta tura su asibiti. Duk hoton da suka turo, gidan cike yake da yaran unguwa.

Yanzu wa'adi ya cika, sai Baba ya ce zai sa hannu a ƙarin shekara uku, wai aikin bai kai a bar shi ba. Yana da hawan jini, bara ya taɓa faɗuwa a ƙofar majami'a, ba mu ji ba sai bayan wata biyu. Na tambayi Mama ra'ayinta, ta ce, "Duk abin da Babanku ya ce." Amma na san muryar uwata. Ni kuma ga ni da cikin wata biyar, na fari, bayan shekara shida ina jira. Babban yayanmu ya ce mu daina tura kuɗin da muke haɗawa duk wata, in wuya ta yi wuya za su dawo da ƙafarsu. Sauran biyun sun yarda, ni suke jira. Fastonmu kuwa ya ce kada mu tsaya a gaban aikin Allah. Gwaggo, zunubi nake yi da nake so su dawo?

Daga wata 'yarki a Kaduna

'Yata,

Allah ya raba lafiya, ya sa ki ji kukan ɗanki da kunnenki. Ba zunubi kike yi ba. Mace mai cikin fari ta so uwarta kusa da ita, wannan ba abin da za a kai gaban dattawan ikilisiya ba ne. Ki ajiye wannan nauyin tukuna, don akwai wasu da ya kamata ki ɗauka.

Maganar yanke kuɗi, kada ki sa hannunki a ciki, kuma ki yi iya ƙoƙarinki ki hana yayanki. Na san tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba. Amma ina jin bai zauna ya lissafa abin da kuɗin nan yake yi a can ba. Sefa ake kashewa a Ikwatoriyal Gini, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta sauka yadda naira ke sauka. Tun 2023 da darajar naira ta zube, fanshon da Baba da Mama suka tafi suna dogaro da shi ya ragu ƙwarai in an canza shi. Ga ƙasar mai ce, rayuwa da tsada, kuma kayan abinci da yawa ta ruwa ake kawo su daga Kamaru. To ranar da kuka ɗauke hannunku, me kuke tsammanin za a fara ragewa a gidan nan? Ba ajin yamma za a rufe ba, ba kuma yaran unguwa za a kora daga bakin tukunya ba. Maganin hawan jinin Baba za a fara sha yau a tsallake gobe, Mama kuma ta riƙa cewa ta ƙoshi.

Ga kuma takardu. Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ECOWAS, fasfon Najeriya shi kaɗai ba ya ba mutum izinin zama kamar yadda yake a Gana. Sai da biza, sai da takardar zama, ita ma sabunta ta ake yi da kuɗi, kuma ƙasa ce da ake tsayar da baƙo a hanya a ce ya nuna. Tsoho ɗan shekara 68 da takardarsa ta ƙare a tsibiri, ba shi da motar da zai hau da dare ya tsallake iyaka. 'Yan Najeriya sun san wuyar wannan wuri tun ana kiransa Fernando Po, mutanen kudu kuma suna ce masa Panya. Dubun-dubatarsu suka yi ƙwadago a gonakin koko, musamman bayan yarjejeniyar da Ingila da Sifaniya suka ƙulla a 1942, har zuwa 1975 da 1976 da zalunci ya yi yawa a zamanin shugaban ƙasar na lokacin, Macías Nguema, gwamnatin Najeriya ta tura jirage aka kwaso su. Zamani ya canza, ba na ce haka za ta sake faruwa ba. Ina so ne yayanki ya gane ba a wasa da guzurin baƙo a wurin da ruwa ya kewaye.

Kuma ko da dabarar ta ci, me ta ci? Mutum irin Babanku, wanda ya miƙe a tsakiyar jama'a ya ce a aike shi, yunwa ba ta dawo da shi. Zai ce gwaji ne daga Ubangiji, ya ƙara ɗaure ɗamara. In kuwa ta dawo da shi, to kun dawo da uban da 'ya'yansa suka karya, zai zauna a tsakar gida a Zariya yana amsa gaisuwarku da baki kawai. Kun girmama shi shekara da shekaru, kada ku ɓata rawarku da tsalle.

Kafin ki yi masa magana, ki ɗan tsaya ki ga abin da yake gani. Hedimasta ne. Shekara talatin da wani abu in ya shigo harabar makaranta yara suna miƙewa, malamai suna gyara tsayuwa. Ran da aka yi masa walimar ritaya aka ba shi agogon bango, washegari ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman shawararsa. Na ga maza da yawa da wannan shirun ya tsufar da su cikin shekara biyu fiye da yadda aiki ya yi cikin ashirin. Sai ga shi a Luba, magidanci mai furfura yana riƙe fensir a gabansa yana rubuta sunan kansa karon farko. Ba na raina kiran da ya ce ya ji, na yarda Allah yana kiran tsofaffi kamar yadda yake kiran matasa. Amma tare da kiran akwai daɗin a buƙaci mutum, kuma wannan ma ba laifi ba ne.

Sa'an nan shekara biyu a wuri irin wannan ba ta da yawa. Mutanen tsibirin na asali Bubi ne, da harshensu. Ga Fang da suka ƙetaro daga ɓangaren ƙasar da ke kan tudu. Harshen ofis da makaranta Sifaniyanci ne. A kasuwa da bakin teku kuma ana yin Pichi, wanda ɗan'uwan Kiriyon Saliyo ne, duk mai jin burokan ɗin Najeriya zai tsinci abubuwa da yawa a ciki. Mafi yawan mutanen ƙasar kuma 'yan Katolika ne tun kaka da kakanni, ba mutanen da ba su taɓa jin sunan Almasihu ba ne. Baƙon da ya zo musu da Littafi a hammata sai sun daɗe suna kallon zamansa kafin su saurari bakinsa: ya zo gaisuwar mutuwa? Ya ci abin da aka ba shi? Yana biyan bashi? Yaran da kike gani cike da gidan nan, ba a banza iyayensu suka bar su suna shiga ba. Wato sai yanzu ne iyayenki suka zama 'yan gari, sai kuma aka ce lokaci ya yi. Dole Baba ya ji kamar wanda ya yi noma ya yi maimai, aka ce ya tafi kafin dawa ta fid da kai.

Duk da haka akwai tambayar da kalmarsa ta "aikin bai kai a bar shi ba" take bukata, kuma tarihin tsibirin da kansa ne ke yin ta. 'Yan mishan na Baftis sun sauka can a 1841. A 1858 hukumar Sifaniya ta hana su yin sujada a fili, ɗan mishan Alfred Saker ya kwashi jama'arsa ya ƙetare zuwa gaɓar Kamaru, ya kafa garin Victoria wanda yau ake kira Limbe. 'Yan Metodis suka zo a 1870, limaman Katolika na ƙungiyar Claret suka zo a 1883. Duk wanda ya zo daga waje, wata rana ya tafi, da sonsa ko ba da sonsa ba. Abin da ya rage shi ne abin da ya riga ya shiga hannun 'yan ƙasa. Manzo Bulus ma da ya bar Titus a tsibirin Karita, aikin da ya ba shi shi ne ya daidaita abin da ya saura, ya naɗa dattawa a kowane gari. Saboda haka ba rashin bangaskiya ba ne a tambayi Baba cikin ladabi: wa kake koya wa ya riƙe ajin nan? Matashin faston nan, me zai iya yi shi kaɗai yau wanda bai iya ba bara? Me ya saura, kuma wata nawa zai ci? Tsohon hedimasta ya san tsarin aikin zango, ya san miƙa ragama. In ya iya amsawa dalla-dalla, to ƙila ba shekara uku ake nema ba, shekara ɗaya ce. In kuwa amsar ita ce komai sai da shi, to ko shekara goma ya ƙara haka zai bar wurin.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Layi biyu ne a wasiƙarki na yi ta komawa kansu. Na farko, Baba ya miƙe ya ce shi da matarsa za su je. Na biyu, "Duk abin da Babanku ya ce." Mutum biyu aka ɗora wa hannu, mutum biyu suka hau jirgi, amma daga farkon labarin har ƙarshensa murya ɗaya na ji. Ku 'ya'ya kuna gardama da Baba, fasto yana goyon bayan Baba, yayanki yana shirin karya Baba. Matar da take wanke kayan da ba sa bushewa, take dafa wa yara goma sha abinci, take kwana ido biyu tana sauraron numfashin mijinta tun ran da ya faɗi, ba wanda ya zaunar da ita ya ji ta bakinta.

Ina nufin kayan da ba sa bushewa da gaske. Ke da kika tashi a Zariya ba ki san irin wannan damina ba. Bioko dutse ne mai aman wuta da ya fito daga teku, ƙololuwarsa, Pico Basilé, ta haura mita 3,000, gajimare kullum a kansa. A Ureca, can kudancin tsibirin, ruwan da ke sauka a shekara yana haura milimita 10,000, kusan ninki goma na abin da Zariya ke samu. Luba ba ta kai haka ba, amma rani ɗan kaɗan ne, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, sauran watanni laima ce. Zane yana yin fumfuna a cikin akwati, gishiri yana narkewa a kwano, gwiwar tsohuwa tana faɗa mata ruwa na zuwa. Abinci gwaza ne da rogo da ayabar dafawa da kifi da manja. Mai shekara sittin tana tuƙa tuwon dawa da miyar kuka za ta iya sabawa, amma sabo daban, so daban. Namiji in ya je aikin bishara yana fita ya tsaya gaban jama'a. Matarsa ita ke ɗauke da gidan da jama'ar ke shigowa, kuma ba a cika rubuta wannan a rahoton da ake karantawa a majami'a ba.

Sai dai ki yi hankali a nan, 'yata. Kin ce kin san muryar uwarki, na kuma yarda kin ji wani abu a cikinta. Amma kada ki yi saurin fassara shi da abin da kike so ki ji. Ƙila ta gaji ne, tana so ta dawo, tana jin nauyin a ce ita ta janye mijinta daga aikin Ubangiji. Ƙila kuma akasin haka ne. Ungozoma ce. Matan Laraban nan ƙila su ne suka mayar mata da abin da ritaya ta ƙwace. Ƙila ta yi ƙawaye, ƙila in ta shiga Malabo, babban garin tsibirin, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, tana tsayawa wajen Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a garin ta sha hira da harshenta har ta manta da mota. Ƙila ita ta fi Baba son zaman, kunya ce ta hana ta faɗa wa 'yarta mai ciki. Matan zamaninmu an tarbiyyantar da mu a kan cewa mace ba ta raba murya da mijinta a gaban 'ya'ya. Wannan jimlar da ta faɗa miki ƙofa ce a rufe, ba ki san abin da ke bayanta ba tukuna.

Ke kuma ba za ki iya buɗe ta ba, don ke 'ya ce, kuma ke ce mai bukata. Duk abin da ta faɗa miki sai ta auna shi da cikin da ke jikinki. Ki nemi wadda take cire ɗankwali a gabanta: ƙanwarta, ko yayarta, ko aminiyarta ta zumuntar mata da suka yi shekara talatin suna zama benci ɗaya. In da hali, kuɗin da yayanki yake so a riƙe, a ƙara a kai a yi wa wannan matar biza da katin rigakafin shawara, ta je ta yi mako biyu. Gani ya kori ji. Ta ga ɗakin da suke kwana, ta buɗe kwalin maganin Baba ta ƙirga, ta bi Mama kasuwa, ta zauna da ita a kicin. In ba hali, ta kira ta da yamma lokacin da Baba yake aji, ba sau ɗaya ba. Kuma kada ta ce mata "kina so ki dawo?", don amsar a shirye take. Ta tambaye ta yadda take barci. Wa ke taya ta aiki. Ran da Baba ya faɗi, wa ya ɗauke shi, ina aka kai shi, me ta ji a daren. Me za ta fi kewa in ta bar Luba. Mace takan faɗi gaskiyarta a gefen magana, ba a tsakiya ba.

Yanzu ke. Kin lura da yadda kika jera wasiƙarki? Hawan jinin Baba ya zo da fari, muryar Mama ta biyo, cikinki ya zo a ƙarshe kamar abin da kike jin kunyar ambata. Ina zargin haka kike yi a waya ma: kina ta yi wa Baba maganar lafiyarsa, shi kuma yana ce miki ya fi ki ƙarfi, alhali abin da ke zuciyarki shi ne kina tsoron ɗakin haihuwa ba uwarki. Shekara shida kina jira, uwarki ta karɓi haihuwar matan da ba ta san sunansu ba, ga ta 'yarta tilo ta zo. Ki faɗa da bakinki. Ba ta saƙo ba, ba ta bakin yayanki ba. Ki kira shi ki gaishe shi yadda kika saba, ki tambayi ɗalibansa, sa'an nan ki ce: "Baba, ban kira don in hana ka aikin da Allah ya ba ka ba. Roƙo nake yi. Ka ba ni aron Mama ta zo ta yi mini wankan jego, kai ma ka zo ka sa wa jikanka albarka ran suna. Takardar nan kuma ka dakata da sa hannu har mu zauna gaba ɗaya a gida." Uban da zai yi gardama da likita har gobe, da wuya ya yi gardama da wannan.

Ki ga abin da wannan roƙon zai yi ba tare da an yi faɗa ba. Mama za ta zo wata guda kafin lokacinki, ta zauna har ku yi arba'in, wata biyu da 'yan kwanaki ke nan tana shan iskar gida, tana kwana ba fargaba. A nan ita da kanta za ta san ko zuciyarta tana Luba ko tana Zariya. Baba zai yi makonni shi kaɗai, zai ga girman abin da take ɗauke masa, jama'ar da yake yi wa hidima su ma za a ga ko za su kawo masa kwano. Da ya taho suna, ajin da majami'ar za su zauna a hannun matashin faston, a ga abin da zai tsaya. Kuma yana sauka ku kai shi wajen likitan zuciya, a yi masa gwaje-gwaje sosai, a gano dalilin faɗuwar nan ta bara. Faɗuwar mai hawan jini ba abin da ake rufewa da "na ɗan ji jiri ne" ba ne. Ke dai kada ki ce za ki je da kanki. Ba a son yi wa mai ciki allurar shawara sai dole, kuma ko da yake shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da aka fara a tsibirin a 2004 ya rage cutar ƙwarai, ba ta ƙare ba.

Fastonku kuma, da girmamawa, amsarsa ta yi gajarta. Ikilisiyar da ta ɗora wa mutane hannu ta aike su ba ta gama aikinta a filin jirgi ba. Yayanki, maimakon ya huce a kan tsofaffi, ya ɗauki ƙannensa su je wajen kwamitin da ya tura su, su zauna cikin natsuwa su ji: wa ke biyan sabunta takardar zama? In cuta ta kama ɗayansu da tsakar dare, wa za a kira, da wace mota za a kai Malabo, in kuma abin ya fi ƙarfin can, wa zai biya jirgi? Duwala ta ƙasar Kamaru ba ta da nisa ta sama, amma sai mai tikiti a hannu. Shanyewar ɓarin jiki sa'o'i ake ƙirga mata, ba a jira a yi baiko na musamman ran Lahadi. Akwai hutun da aka yanka musu duk shekara? Wa aka shirya zai gaje su? A rubuta amsoshin a takarda, kowa ya riƙe kwafi. In za a sabunta, a yi shekara ɗaya-ɗaya, kowace da sharaɗin likita ya duba su, kuma a tambayi Mama ita kaɗai, ta sa nata hannun. Ikilisiyar da ta san darajar ma'aikatanta ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Akwai guda ɗaya mai nauyi da ba mai son ɗaukowa, amma gara a yi ta ana dariya da a yi ta ana kuka. In ta Allah ta kasance a can, ina suke so a sa su? Ɗauko gawa daga wata ƙasa ta jirgi abu ne mai tsada da wahalar takardu, na ga iyalan da wannan ya raba kansu har yau. Ku bar su su faɗa da bakinsu ran da kuka zauna, su biyun, kowa nasa.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙila bayan duk wannan su koma. Ƙila Mama ta goya jikanta wata uku, ta yi masa wanka, ta dama miki kunun kanwa, sa'an nan wata safiya ki ji tana tambayar kuɗin sefa, tana lissafin wace ce cikin matan Laraba ta kusa haihuwa. In haka ta faru, kuma kin tabbata daga zuciyarta ya fito, zai yi miki zafi, kina da damar yin kuka. Amma sai ki taya ta haɗa kaya. Ki sa mata daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya a robar da iska ba ta shiga, maganin Baba na wata shida a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, da na'urar awon jini sabuwa da batir. Ku sa ranar da za a riƙa kiran bidiyo duk mako don yaron ya san fuskarsu. In kuwa ta ce ta gaji, to aikinku ku huɗu shi ne ku tsaya a bayanta lokacin da za ta faɗa wa mijinta, ku kuma taya Baba neman inda zai sa hannunsa a gida, don manyan da ba su iya karatu ba suna nan birjik a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya.

Yau da dare ki kira yayanki. Kada ki fara da cewa ya yi kuskure, ki fara da cewa kin san tsoron da yake ji tun ran da labarin faɗuwar Baba ya iso. Ki ce masa kuɗin wannan wata a tura shi kamar kullum, naki kason ma ga shi. Gobe da safe kuma ki shirya ki je gidan ƙanwar Mama.

Gwaggonki